Babi na 5: Ajin da Aka Bar wa Marka

Me ya sa duk shekara, idan aka koma makaranta bayan dogon hutu, sai an ce wa yaro ya zo da tsintsiya da fartanya kafin a tambaye shi littafi? Iyaye a Rano da Kibiya sun daɗe suna wannan tambaya, wasu a majalisa, wasu a zuci. Uwa ta wanke wa ɗanta kayan makaranta ta goge, ya fita fes da safe, azahar ta yi ya dawo da laka har gwiwa, tafin hannu duk kanta. A ce masa me aka koya muku yau, ya ce, “Ba a fara karatu ba, shara muke yi.” Gobe ma haka. Daga nan sai uba ya yanke shawarar da kowa ya san ana yankewa: bari ya taya ni aiki a gona, in sun gama sharar ya tafi. Malamai su ga yara ba su cika ba, su ce bari a jira su cika. Da haka mako guda yake komawa biyu.

Zangon karatu bai wuce mako 12 zuwa 13 ba. Yaron da ke rasa mako guda a farkon kowace shekara, kafin ya gama aji shida ya rasa mako shida, rabin zango ke nan. In kuwa mako biyu ne, zango guda cur ya tafi a tsintsiya. To daga ina wannan dattin yake fitowa, alhali babu kowa a makarantar?

Hutunmu a tsakiyar ruwa yake

A Amurka da Ingila dogon hutu yana faɗowa ne a lokacin zafinsu, kuma makarantu suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Da yara sun watse sai a fitar da kujeru da tebura, a kankare tsohon man da aka shafa wa daɓe a shafa sabo, a wanke tagogi da fitilu, a yi fenti inda ya koɗe. Abin da suke kwashewa dattin shekara ne, wanda ƙafafun yara suka shigo da shi. In sun gama sun kulle, yadda suka bar ajin haka za su same shi.

Mu namu hutun a cikin damina ya faɗo. A Jihar Kano zango na uku yana ƙarewa wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a koma a Satumba. Agusta ya fi kowane wata ruwa, shi ne watan marka, kuma kudancin jihar, tun daga Bunkure zuwa Rano da Kibiya har Tudun Wada da Doguwa, ya fi arewacinta samun ruwa. Saboda haka yawancin abin da yaro yake tararwa a Satumba ba shi ya bar shi a Yuli ba. Hutun ne ya haife shi. Wanda ya share makaranta tas ranar ba da hutu ya tafi, zai dawo ya tarar kamar bai yi ba. Wanda kuma ya jira sai an dawo, ya tarar ɓarna ta riga ta gama.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Bahaushe. Duk magidancin da ya tashi a gidan ƙasa ya san a bazara ake yaɓe, a gyara indararo, kuma idan aka kwana ana ruwa, da asuba zai zaga ya duba soro da gindin katanga. Tsofaffi suna cewa ɗakin da ba a kwana a cikinsa shi ya fi saurin faɗuwa, kuma dalilin a fili yake: babu wanda zai ga ɗigon farko. Makaranta a dogon hutu ɗakuna ce goma ko ashirin da ba a kwana a cikinsu, a watan da gini ya fi bukatar ido.

Ƙusa uku

Shekarar da na fara koyarwa, a wata firamare ta ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, ni aka ba aji huɗu. Ranar komawa na riga yara zuwa. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, sai da maigadi ya ɗiga masa baƙin mai kafin ya buɗu. Wari ne ya fara tarbar mu, warin danshi haɗe da na jemage, irin wanda yake kama maƙogwaro. Silin ya yi ciki a kusurwar gabas, ya yi baƙi, yana ɗiga ko da yake an kwana biyu ba a yi ruwa ba. A ƙarƙashinsa, inda daɓe ya fashe, ruwa ya kwanta, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Gara ta ja hanyarta ta ƙasa daga tsagin bango ta hau ƙafar benci. Na kama bencin zan ja, ƙafar ta zauna a hannuna, cikinta fanko. Na buɗe kabad, rajistar bara da littattafan lissafi da aka kawo mana sun manne da juna sun yi fumfuna, na ƙasa kuwa gara ta mai da su ƙasa.

Maigadin dattijo ne, yana tsaye a bayana bai ce komai ba sai da na juyo.

“Baba, yaushe haka ta faru?”

“Malam, ƙusa uku ce fa. Tun ruwan farkon Agusta iska ta ɗaga bakin kwanon nan. Na faɗa, aka ce a bari sai an dawo.”

Yarana sun yi kusan wata guda suna karatu a gindin darbejiya kafin a gyara ajin. Tun daga ranar nake kallon tsaftar makaranta da wani ido. Tsintsiya ita ce ta ƙarshe a aikin. Na farko shi ne tsani da guduma.

Daga sama ake farawa

Mutane ba su cika sanin yawan ruwan da rufi yake ɗauka ba. Ruwan sama milimita 1 a kan fili murabba'in mita 1, lita 1 ne. Aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8, in an haɗa da bakin rufi da baranda, kwanonsa zai kai murabba'in mita 70. Ruwan dare ɗaya na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, ya sauke wa wannan aji lita 2,100, wato fiye da duro 10, ko jarka 84. Ko kaɗan daga cikin wannan ya samu kafa, ya isa ya jiƙa silin, ya bi katako, ya sauka a bango. Wanda bai shiga ciki ba kuma yana zuba ne a gindin gini, in babu kwata ya ci ƙasar da ke riƙe da harsashi. A garuruwa masu duwatsu irin Rano da Rurum, inda ruwa ke gangarowa da gudu, zaizayar ta fi sauri.

Shi ya sa wanda ya kamata ya fara shiga makaranta a makon ba da hutu shi ne kafinta. Ya hau ya bi kwano ɗaya bayan ɗaya, ya mai da ƙusar da ta zare, ya liƙe huda, a kwashe ganyen darbejiya da ya taru a kwarin rufi yana riƙe ruwa yana jawo tsatsa, a sare reshen da ke gogar kwano. Sannan a sauko cikin silin.

Cikin silin gidan jemagu ne, kuma kashinsu yana taruwa shekara da shekaru har ya yi nauyin da zai lanƙwasa silin ko babu ruwa. Wannan kashi, idan ya daɗe cikin danshi, wata irin fumfuna tana tsiro a cikinsa wadda in an shaƙi ƙurarta takan kama huhu. Don haka ba a share shi a bushe. A yayyafa masa ruwa, mai aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya kwashe da shebur cikin buhu. Jemagun kansu ba sai an kashe su ba, ƙwari suke ci. A jira su fita kiwo da magariba, a toshe kafar da suke shiga da ragar ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a makaranta wannan magana ba karin magana ba ce kawai.

Haka kashin ɓera a sito da ofis. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Ya fi tashi da rani, amma ɓeran da ya samu mazauni a sito da damina yana nan har ranin. Shi ma a jiƙa da ruwan kulorin, a bar shi ya ɗan jima, kafin a kwashe.

Gara kuwa abu biyu take nema, danshi da katakon da ya taɓa ƙasa. A hana ta ɗaya an rage mata ƙarfi. Kafin a kulle aji, a janye benci daga jikin bango, a ɗora su kan bulo, littattafai su shiga akwatin ƙarfe ko su hau sama. Aikin awa guda ne ga mutum huɗu.

Bayan sama sai bango, a kakkaɓe yana da gidan zanzaro da na rina, sai tagogi, sai benci, daɓe a ƙarshe, daga ƙuryar aji zuwa bakin ƙofa. Duk matar da ta iya gyaran ɗaki haka take yi ba tare da wani ya rubuta mata ba.

Daɓe shi ne kujera

A watan Yuni na 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, ya ce yara sama da miliyan 4 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. In haka ne, to daɓe a makarantunmu shi ne kujera, shi ne tebur, a kansa yarinya take ɗora littafinta, a kansa take warware ƙullin gyaɗarta lokacin tara. Bai kamata a yi masa sharar tsakar gida a wuce ba.

Daɓen da ya farfashe ba ya sharuwa. Ramukan suna riƙe ƙura da rani, suna riƙe ruwa da damina, kuma ta nan gara take ɓullowa. Buhun siminti guda da yashi zai toshe ramuka da yawa, kuma dogon hutu ne kaɗai lokacin da za a yi facin a bar shi ya kama ba tare da ƙafa saba'in sun bi ta kansa ba. In ya bushe sai wanki: a fara da omo da buroshi, a ɗauraye, sannan kulorin. Dole a bi wannan jeri, domin datti yana kashe ƙarfin kulorin, wanda ya zuba shi a kan laka ya zubar da kuɗinsa ne. Bilicin kasuwa irin su Jik, in an rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin robar, kofi 1 a kofi 30 na ruwa ya isa ga daɓe da benci. Inda aka yi bahaya ko amai, kofi 1 a kofi 6. A haɗa na ranar a ranar. Kuma kada a gauraya shi da komai in ban da ruwa, musamman ruwan wanke masai mai asid, domin haɗinsu yana tayar da iska mai guba.

Sai a bar ƙofa da tagogi a buɗe duk ranar da rana ta fito. Farar ƙasa ko fenti sai bango ya bushe. Na sha ganin an shafe bango mai danshi saboda baƙi za su zo, kafin kaka ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

Wurin da ba a son ambata

Akwai abin da kowane hedimasta ya sani amma ba ya son faɗa a gaban baƙi. Makarantar da ba ta da katanga, da an ba da hutu, masanta ya zama na duk unguwa, in ya cika ko ya ƙazantu a koma bayan aji, in taga ta ɓalle a shiga ajin kansa. Yaran da ake cewa su zo da tsintsiya ranar farko, wannan ma yana cikin abin da suke kwashewa, da hannu, ba sabulu, ba ruwa. Ni a ganina babu wani uzuri da zai halatta wannan.

Damina ce lokacin amai da gudawa. A 2021 cutar ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, kuma Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hanyarta ɗaya ce, daga bahaya zuwa baki, ta ruwa ko ta hannu ko ta ƙuda. Tsutsar ciki ma ta nan take bi, wata irinta ma ta tafin ƙafar yaron da ya taka ƙasar ba takalmi.

Ramin masai da marka yana fuskantar abu biyu. Ruwan ƙasa yana tasowa ya cika shi kafin lokacinsa, kuma bakin ramin yana laushi har murfin siminti ya zauna ko ya rufta. Don haka a duba murfin da kyau, in ya tsage ko yana motsi a rufe wannan ɗaki har sai an gyara. Ramin da ya rage rabin mita ya cika, ya cika ke nan. A kira masu kwasa tun farkon hutu, kuma a bi su a ga inda za su zuba, domin kwasar da ta ƙare a rafi ko a kusa da rijiya ta fi rashin kwasar muni. Tsakanin rami da rijiya a bar aƙalla mita 30. Bututun da ke fitar da wari a duba ragar da ke bakinsa, ita ce ke tare ƙuda, kuma yanar gizo-gizo takan toshe shi, bokitin ruwa guda daga sama ya buɗe shi. A ajiye toka a bakin kowane rami.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2009 ta ce masai guda ga 'yan mata 25, guda kuma da wurin fitsari ga maza 50. Mai karatu ya ƙirga na makarantar unguwarsu. Amma ko kafin a kai ga wannan adadi, akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai: ƙyaure da sakata a ɓangaren mata. Yarinyar da ta fara girma ba za ta shiga ɗakin da ba ya rufuwa ba. Za ta riƙe har ta koma gida, ko ta daina zuwa a wasu kwanaki na wata, daga nan ta daina gaba ɗaya. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano take cikin jihohinsa na farko, ya sa kuɗi a gyaran makarantun sakandare saboda 'yan mata, har da banɗakuna. Abin da aka gina ɗin yana bukatar wanda zai duba shi a Agusta. Maƙwabciyarmu Jigawa a 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili, kuma mutanenta ba su fi mu kuɗi ba.

Ciyawa da abin da ke cikinta

Mako shida na marka sun isa tafasa da rai-ɗore su kai ƙugun yaro ɗan aji ɗaya. A cikinsu akwai kunama, akwai kububuwa da gamsheƙa, akwai fasasshiyar kwalba. Tura yara 'yan shekara bakwai cikin wannan da silifas ganganci ne. Aikin manya ne masu lauje da takalmin ruwa, kuma daga jikin gini ake fara yanka a nufi waje, don abin da ke ciki ya gudu daji maimakon ya shige aji.

Abin da ya sa rashin yankan yake ba ni mamaki shi ne, da damina ciyawa kuɗi ce. Awaki da tumaki suna turke saboda shuka, kowane gida yana neman abin da zai zuba musu, samari suna tafiya nesa da buhu. Filin makaranta kuwa ga shi a tsakiyar gari. In kwamitin makaranta ya raba filin ga gidaje huɗu ko biyar, kowa ya riƙa yankan nasa duk mako, an huta ba a kashe ko sisi ba. Sharaɗin kawai kada a yi feshin maganin ciyawa, wanda yanzu ya zama ruwan dare a gonaki. Guba ne ga dabbar da za ta ci, kuma bai dace da filin da yara za su zauna su yi wasan 'yar carafke ba. Masarar da malamai ko maigadi suke shukawa a harabar makaranta ba laifi ba ce, amma a bar tazara tsakaninta da taga don iska da haske su shiga.

Game da sauro, mutane suna ɗora wa ciyawa laifin da ba nata ba ne duka. A ciyawa yake fakewa, a ruwa yake haihuwa, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a irin zafinmu. Kududdufin da ya kwana mako biyu a filin ƙwallo ya riga ya yaye zuriya. Sauron zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, saboda haka waɗanda suka fi shan wahalarsa su ne gidajen da ke kewaye da makarantar da ɗaliban kwana. Wanda ke haihuwa a gwangwani da tsohuwar taya kuwa da rana yake cizo, shi ne mai ɗauke da shawara. Baro biyar na burji a rami, da kwata da aka yashe, sun fi feshi amfani.

Feshi

Mun ga feshi a 2020, lokacin korona, kafin a sake buɗe makarantu: mutane cikin fararen kaya, injin a baya, hayaƙi yana tashi. Yana da kyan hoto. Amma a watan Mayu na shekarar 2020 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce feshin fili da tituna ba shi ne abin yi ba, wankewa da gogewa da tsumma su ne ke aiki.

Inda feshi yake da muhalli shi ne makarantun kwana, saboda kuɗin cizo. Wanda ya yi makarantar kwana ya san daren farko bayan hutu. Kuɗin cizo yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka hutu ba ya kashe shi, yunwa kawai yake tara masa. Yawancin magunguna ba sa kashe ƙwansa, kuma ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Feshi ɗaya ana gobe komawa aikin banza ne, ga warin guba a ɗakin da yara za su kwana. Sau biyu ake yi, da tazarar mako biyu, kuma hutu ne kaɗai ke ba da wannan dama. A fitar da gadajen ƙarfe a kwarara musu tafasasshen ruwa a mahaɗa, a toshe tsagin bango, katifar da ta yage a ƙone ta. Fiya-fiya, wanda NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa tun 2019, maganin gona ne, bai da hurumi a ɗakin kwanan yara. Feshin a bar wa ma'aikatan lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma.

Wa zai yi?

A takarda ba mu rasa masu yi ba. Akwai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma. Akwai kwamitin CRC da aka sani da gyaran azuzuwa tun zamanin Kwankwaso. Akwai duba-gari, waɗanda kakanninmu suke ba da labarin yadda suke leƙa randa a zamanin En'e, kuma har gobe suna sashen lafiya. Akwai kwamitin SBMC da aka ce kowace makaranta ta kafa, mai ɗauke da hedimasta da iyaye da mai unguwa da liman da mata da masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a jihar a 2019, hedimasta ba shi da ikon karɓar kuɗi a hannun yara, saboda haka in kuɗin gudanarwa bai iso ba, ko tsintsiya sai dai daga aljihunsa. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da na ga ya fi yawa shi ne hutu yana raba kowa da makarantar. Malamai da yawa ba 'yan garin ba ne, sun tafi. Kwamiti ba ya zama sai an dawo. Maigadi kaɗai ya rage, shi kuma yana da ido amma ba shi da iko.

Abin da nake ba da shawara bai wuce zuwa uku ba. Makon ba da hutu, kafinta da masu kwasar masai da ɗage kaya daga ƙasa. Tsakiyar Agusta, bayan an gama maimai aikin gona ya ɗan lafa, mutum biyu ko uku na kwamiti su karɓi mabuɗi su buɗe kowane aji, su duba sama su duba ƙasa. Sai babbar gayya mako guda kafin komawa, daga hantsi zuwa azahar, a dama kunu a raba goro. Asabar ɗin ƙarshen wata da gwamnatin jiha ta ware don tsaftar muhalli tana faɗowa a ƙarshen Yuli da ƙarshen Agusta, kamar don wannan aka yi ta. Sannan a bar wa maigadi lambar wayar shugaban kwamiti da ɗan abin da zai sayi ƙusa.

Masarautar Rano a tsarin 2024 ƙananan hukumomi uku ne, Rano da Bunkure da Kibiya. Daga fada zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa tafiyar ba ta da nisa. Wannan igiya ce ta taimaka aka kai rigakafin shan-inna gida-gida har aka tabbatar da kawar da ita daga Najeriya a Agustan 2020. In sanƙira ya zaga ya ce ranar Asabar gayyar makaranta, liman ya maimaita ranar Juma'a, mutane za su fito.

Wani zai ce wannan ɗauke wa gwamnati nauyinta ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce a yi shiru ba. Rufin da ya yaye gaba ɗaya, da ajin da ya rushe, da katanga, da ɗaukar masu shara aiki, haƙƙi ne a kan hukuma, a rubuta, a bi, a matsa. Sai dai kwangila tana ɗaukar shekara, marka kuma mako shida ce, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna a ƙarƙashin silin ɗin.

To yaran fa?

Ban ce yaro kada ya riƙe tsintsiya ba. A Japan ɗalibai da malamansu suna share ajinsu kullum na kusan kwatan awa, kuma suna yin babbar shara a ƙarshen zango. Mu ma almajiri yana share tsangaya, 'ya mace tana share tsakar gida tun tana ƙarama. Sharar yau da kullum tarbiyya ce, in malam ya sa hannu, in maza da mata suna yi daidai, kuma in ba a mai da ita horo ba. Yaron da ba a tura shi wanke masai sai ranar da ya makara, ya koyi cewa tsafta wulaƙanci ce, kuma da wannan zai girma. A ba su aji mai tsafta ranar farko, a ce su riƙe shi haka. Wannan suna iyawa.

Mai karatu zai lura duk abin da na lissafa, daga wankin daɓe zuwa haɗin kulorin zuwa butar bakin masai, ruwa yake ci. Jagorar 2009 ɗin nan ta ce kowane ɗalibin jeka-ka-dawo yana bukatar lita 5 a rana, na kwana kuma lita 20. A Agusta rufin aji guda yana zubar da duro goma a dare ɗaya, a Maris kuma yaran wannan ajin suna fita unguwa roƙon ruwan sha, alhali madatsar Tiga tana nan kusa. Babi na gaba zai bi wannan ruwa: yadda za a tare na rufi, abin da ke kashe famfon burtsatse a makarantu, da yadda ake wanke rijiyar da ambaliya ta shiga.